Ganyen Da Ke Ƙarƙashin Roba

Daga Allah muka fito, kuma komai daren daɗewa gare Shi za mu koma. A ranar Talata, 18 ga Maris, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Pa Anatole Kenfack, mai sa gilashin mota a Camp Yabassi da ke nan Douala. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar kwana tara da ciwon ƙirji. An kai shi ƙauyensu kusa da Dschang, aka binne shi ranar Asabar, 5 ga Afrilu, a bayan ɗakin mahaifinsa. Ni Hilaire Essombe, direban tasi, ina cikin waɗanda suka raka gawar. Da aka ba direbobi dama su yi magana a bakin kabari ban ce komai ba, domin a lokacin akwai wata magana tsakanina da shi da ba ta ƙare ba. Yanzu ta ƙare, shi ya sa na ɗauki biro.

Pa Kenfack, ba zan shafa maka mai don ka mutu ba, kai ma ba ka son aikin shafe-shafe. Ba ka da fara'a. Mutum zai gaishe ka, ka amsa wa motarsa. Shekara arba'in ka yi a rumfa ɗaya, kuma kayan aikinka ba su cika kwando ba: shuɗiyar buta, gwangwanin garin alli, igiya guda da ta sha sabulu har ta yi santsi, da wani ƙashin saniya da ka feƙe kake ɗaga roba da shi, don ka ce ƙarfe ba ya taɓa roba ya bar ta lafiya. A garin da ake ruwa wata takwas a shekara, kuma rabin motocinsa sun girmi direbobinsu, wannan kwandon ya ishe ka ka ciyar da gida, ka kuma yi suna.

Abin da ka fi tsana a duniya shi ne gam. In aka kawo maka mota an lafta mata farin gam a gefen gilashi, sai ka zagaya ta sau ɗaya, hannu a baya, ka tambayi mai ita, “Wa ya fyace wa motar nan majina?” Kowa a layin ya san dalilinka, don ka maimaita shi har masu sayar da taya sun haddace: ruwa ba ya ɗiga a inda ya shiga. Wanda ya toshe wurin ɗiga bai hana ruwa shiga ba, fita ya hana shi, sai ya kwanta a ƙarƙashin roba yana cin ƙarfe. Wani fasto ya taɓa zuwa da gaggawa yana neman ka liƙe masa kusurwa ɗaya ya wuce ɗaurin aure. Ka ce masa ya wuce, ka ba shi lemarka ya riƙe a cikin mota. Ya tafi da fushi, ya dawo ranar Litinin da lemar da kuma motar.

Akwai waɗanda ka yi wa alheri da yawa, kuma sun faɗi nasu a wurin makoki. Matar da ke kai burodi unguwanni ta faɗi yadda ka bi ta har gida ranar Lahadi don ka ga inda motarta ke kwana. Direbobin Bonabéri sun faɗi yadda kake yanka tsohuwar roba ka haɗa wa wanda ba a samun irin tasa a kasuwa. Nawa labarin ya bambanta da nasu, domin ni alherinka a kaina ya sauka, amma ba ni aka yi wa ba.

A daminar 2016 ina tuƙa tasin Ma Odile Ngo Bayiha, wata gwauruwa a Bépanda. Motar ta mijinta ce, marigayi Samuel, wanda ya tuƙa ta da kansa har ya mutu shekara shida kafin nan. Ma Odile ba ta ɗauke ta a matsayin mota ba. A gidanta take kwana, ranar Lahadi ba ta fita, kuma duk safiya sai ta leƙa cikinta kafin ta miƙo mini makulli. A watan Yuli ruwa ya fara taruwa a ƙarƙashin ƙafata. Kafet ya jiƙe, mota ta ɗauki wari, sannan fis ya fara ƙonewa, yau fitila, gobe waifa. Na kai ta wurin mutum biyu. Na farko ya lafta gam a kusurwar ƙasa ta hagu inda ake ganin ɗigon. Na biyu ya huda ƙasan motar da ƙusa, wai ruwan ya sami hanyar fita.

Wata safiyar Talata Ma Odile ta taka kafet ɗin da ƙafarta, ruwa ya fito ta tsakanin yatsunta. A ƙofar gida ne, mai fanke da wake tana suya, tela yana buɗe shago, masu jiran mota sun tsaya. Ta ce na shiga ambaliyar Makèpè da motar don kwaɗayin fasinja. Na rantse ban shiga ba.

“Ka shayar da motar mijina,” in ji ta, “sannan ka tsaya kana kallon ƙwayar idona kana ƙarya. Ranar Juma'a ka kawo mini makullina.”

Wanda ba ya cikin sana'armu zai ɗauka aiki ɗaya ne zan rasa. Direban da aka ce ya shayar da mota kuma ya yi ƙarya a kai, babu mai ba shi makulli daga Bépanda har Ndokoti, domin masu motoci coci ɗaya suke zuwa, adashi ɗaya suke yi. Kafin azahar mai fanke ta raɗa mini suna, direban kwalekwale. Abu biyu nake nema a ranar da na shigo rumfarka: makullin, da kuma ta janye kalmar nan a inda ta faɗe ta.

Ba ka tambaye ni ko na shiga ruwa ba. Ka ɗaga kafet, ka shafa ƙarfen da yatsa, ka duba yatsan, ka sansana, ka ɗora a harshe. Ka ce ruwan kwata yana barin laka da yashi, wannan kuwa bai taɓa taka ƙasa ba. Sannan ka yi mini tambayar da babu wanda ya yi: ta wane ɓangare ƙasar ta karkata a inda motar ke kwana? Na ce ta hagu, wajen magudana. Ka cire rufin ginshiƙan gaba biyu da ke gefen gilashin, ka barbaɗa garin alli a kan ƙarfen tun daga sama har ƙasa, ka shiga ka rufe ƙofa, bayan ka sa mun ɗora tayoyin dama a kan katako don motar ta karkata kamar yadda take kwana.

Ni ka ba butar. Ka ce in fara daga ƙasan gilashi, in zuba a hankali, kada in hau sama sai ka ƙwanƙwasa. Na zuba ƙasa, shiru. Na hau gefen hagu, shiru. Na koma gefen dama, shiru. Buta ta uku ce na kai kusurwar sama ta dama, ta ɓangaren fasinja, kuma ban ga komai ba sai kai da ka kafa ido a wani wuri daban. Can sai ka kira ni. Wani siririn layi ya tsaga farin allin a ginshiƙin hagu, yana sauka kai tsaye kan akwatin fis. Ruwan ta dama yake shiga, ya bi kwarin robar ya ƙetare saman gilashin gaba ɗaya, ya sauka a ƙafata. Gam ɗin da aka lafta mini yana nesa da ƙofar ruwan da tsawon hannu biyu.

Washegari ka cire gilashin. Ka kwanta a kujera, ka tuɓe takalma, ka tura shi da tafin ƙafa sannu a hankali, ni ina tare a waje. Da robar ta rabu da ƙarfen sai ga tsatsa a kusurwar nan, faɗin tafin hannu, kuma a cikin kwarin robar ga wasu abubuwa a cushe, baƙaƙe, a jiƙe. Ka zaro su ɗaya bayan ɗaya ka jera a kan benci. Ganyen kwakwa ne, irin wanda ake sa wa albarka a coci ranar Lahadin ganye, mako guda kafin Ista. Kowanne an naɗe shi an ƙulle ƙarami. Guda bakwai. A jikin robar kuma ga sawun bakin wuƙa inda aka riƙa ɗaga ta ana turawa. Ganyen ya hana robar kwanciya, zarensa kuma yana jan ruwa ciki.

Ba sai an gaya mana mai aikin ba. Motar a gida ɗaya take wuni ranar Lahadi. Ka ɗauki na can ƙasa, wanda ya fi ruɓewa, ka ce wannan ƙullin hannun wani ne daban, sauran shidan hannu ɗaya ne. Na ce maka mijinta shekara shida ke nan da mutuwa. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, daɗi ne ya kama ni har cikin ƙashi.

“Pa, ba ni su.”

“Ka yi me da su?”

“In kai mata ƙofar gida, in baza su a gaban mai fanke da tela, ta faɗa musu wanda ya shayar da motar.”

“Makulli kake so, ɗana, ko hawayen tsohuwa?”

“Duka biyun.”

“To, ni ɗaya nake sayarwa.”

Ka tattara ganyen ka naɗe a takarda, ka tura cikin yagaggen makarin rana na ɓangaren fasinja. Ka kankare tsatsar har ƙarfe ya yi fari, ka shafa jan fenti, ka bar shi ya kwana. Ka aika a kira Ma Odile ta zo ranar Alhamis da yamma.

Ta zo da lemarta da fuskarta a ɗaure. Ka nuna mata ƙasan kafet, babu laka. Ka nuna mata layin da ke jikin alli, ka nuna mata kusurwar da ka fenta. Ka ce, “Ma, direbanki bai shiga ruwa ba. Daga sama yake zuwa.” Ta tambayi abin da ya kawo shi. Ka ce roba ta gaji, kamar yadda kai ka gaji, ita ma ta gaji. Ba ƙarya ka yi ba, robar ta gaji. Sannan ka zura igiyarka cikin kwarin sabuwar roba, ka shafa ruwan sabulu, muka ɗora gilashin. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya yana jan igiya daga ciki, ɗaya yana dannawa daga waje. Ina tsaye a wurin, amma ita ka ce ta ajiye lema ta ɗora tafin hannunta biyu a kan gilashin, ta bi hannunka duk inda ya nufa. Ta yi, kuma ta yi da kyau. Leɓen robar ya riƙa hawa ƙarfen kaɗan kaɗan har igiyar ta fito gaba ɗaya. Ka zuba buta huɗu a gabanta, allin bai motsa ba.

Abin da ta ce mini duka shi ne, “Gobe ka fito da wuri.”

Na sami makullin. Kalmar kuwa tana nan inda ta ajiye ta. A rumfarka aka wanke ni, a gaban masu taya da ba su san an ɓata ni ba. A ƙofar gidanta ba a ce komai ba, mutane suka ɗauka tausayina ta ji. Sunan direban kwalekwale ya bi ni har yaran da aka haifa bayan nan suna kirana da shi, ba su san mafarinsa ba. Na riƙe ka a zuciya saboda wannan, Pa Kenfack, kuma ka sani.

Na kuma kawo maka hujjar da na ɗauka ba ta da amsa. Na ce in ba a gaya mata ba, baɗi ma za ta sa wuƙa a sabuwar robar. Ka ce haka ne. Ka ce duk Litinin da ta biyo Lahadin ganye in kawo motar kafin in ɗauki kowa. Haka aka yi sau takwas. Ka ɗaga robar da ƙashinka, ka zaro ganyen da wayar keke, ka matsa baƙin man liƙi irin wanda ba ya bushewa, ka kwantar da robar da babban yatsa, ka saƙala sabon ganyen a bayan makarin rana. Babu tasin da ba ta da ganye a wurin, saboda haka ban taɓa tunanin wani zai lura ba. Aikin bai fi a sha shayi ba. A ganina wauta ce mutumin da ya rayu yana zagin masu toshe wurin ɗiga ya bar ƙofar ruwa a buɗe yana share bayanta kowace shekara. Na faɗa maka haka. Duk shekara sai na ce, “Pa, bana kam zan gaya mata.” Kai kuma ka ce, “Gaya mata mana, bakinka ne. Riƙe mini gwangwanin nan.” Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na sani, amma ni a lokacin gani nake da cikina kake yi wa wata ajiya.

Da muka dawo daga Dschang saura mako guda Lahadin ganye. Na je wurin matarka, Ma Delphine, na roƙi ƙashin da wayar keken, ta ba ni ba ta tambayi dalili ba. Ban yanke ko zan yi aikin da kaina ko zan yi maganar ba. Na sa su a aljihu na bar wa safiya.

Ranar Litinin, 14 ga Afrilu, na isa Bépanda ɗaukar mota. Ma Odile ba ta cikin gida kamar kullum. Ta sa an fito mata da kujera ƙofar gida, ta zauna da zanen coci. Mai fanke tana suya, tela yana share gaban shagonsa. Na kai ido kusurwar gilashin, robar lafiya lau, babu sawun wuƙa. Ganyen yana hannunta, a ƙulle.

“Hilaire, zo. Ungo, ka sa a inda yake sawa. Mai cirewa ya tafi.”

Na tsaya da hannu a aljihu a kan ƙashin.

“Kana kallona kamar ka ga fatalwa. Ka ɗauka ban san ƙullina ba? Tun shekarar farko da ka kai ni asibiti na sauke makarin nan na gan shi. Har na Samuel na taɓa a cikin takarda. Na ce a raina, tunda akwai mai cirewa, bari ya riƙa kwana ɗaya a inda Samuel ya sa nasa.”

Sai ta juya wajen kaskon suya ta ɗaga murya yadda ta ɗaga ta shekara tara da suka wuce.

“Ke Sidonie mai fanke, saurara. Kai ma tela, ajiye tsintsiyar. Yaron nan bai taɓa shiga ruwa da motata ba. Ni na shigo da ruwan da hannuna, da wuƙar kicin. Na ce masa maƙaryaci a nan, a nan nake janyewa. Tsohon nan ya rufa mini asiri, ni kuma na ja mayafin na lulluɓa, na bar wannan a waje ruwa yana dukansa.”

Mai fanke ta juya fankenta. Tela ya ce, “Allah sarki.” Ni kuma na karɓi ganyen daga hannun Ma Odile. Shekarunta saba'in da takwas. Na sami abin da na nema shekara tara, cif, a wurin da na so, a gaban mutanen da na so, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Wannan shi ne kayan da ka ƙi sayar mini. Da ka ba ni ganyen nan a 2016 da na ƙwaci wannan janyewar daga bakinta da ƙarfi, da kuma ban sake iya karɓar makulli daga hannunta ina kallon fuskarta ba. Ka jira ta kawo da kanta, ko da yake kai ba ka ga ranar ba. Ban ce jiran bai ci mini rai ba. Ya ci, kuma ba kai ka biya ba, ni na biya. Amma na daina ganin wauta ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ka san ta sani, ni kaɗai ne a cikinmu ban sani ba.

Na saƙala ganyen a bayan makarin rana, na fita aiki. An yi ruwa sau uku tun ranar, kafet a bushe yake. Ƙashin da wayar na mayar wa Ma Delphine.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ma Delphine, da 'ya'yanka Rosine da Blaise da Perpétue, da jikokinka, da mutanen ƙauyenku da suka karɓe mu da gwaza da miyar manja, da maƙwabtanka na Camp Yabassi, da duk direban da zai ga ɗigo a ƙafarsa bana ya rasa inda zai nufa. Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya, ya tsaya muku a inda ya kasance yana tsaya muku.

Kai kuma, Pa Anatole Kenfack, na yafe maka abin da na riƙe, ka yafe mini abin da na faɗa. Ubangiji Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa a wurinsa. Ranar da za a ɗaga abin da kowa ya cusa a ɓoye a jera a fili, Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa tsohuwar nan. Amin.